Katakon Kawu a Kan Sabuwar Kujera

Jiya ina kwashe tarkace a zaure na ci karo da wani guntun katako, ya yi sulɓi saboda zama. Nan take na tuna Kawu.

Kujerun tsohuwar akori-kurarsa sun mutu, ƙarfe ya fito yana yaga riga. Ni da muke tuƙi tare na gaji. Ban shawarce shi ba na samo na wata sabuwar mota a Dutsin-Ma, mai walda ya ɗaura. Laushi kamar katifa, har da ƙamshin leda. Tsorona ɗaya, kada ya ce a cire.

Ranar kasuwar Kurfi muka yi lodin gero, ya hau. Ba mu yi nisa ba ya taka birki.

"Kai, wa ya kashe mini mota?"

"Kawu, ga ta tana tafiya."

"Ba na jin ta! Ni da ɗuwawu nake sauraron mota. Wannan ai gadon haihuwa ne."

Ya zaro katakon nan daga baya, ya ɗora kan kujerar, ya zauna daram. Da ya ja, sai murmushi. "Yauwa, ga ta nan. Tayar baya ma na neman iska."

Na ce, "To, a cire kujerun?"

"A cire? Zauna kan taka, rago. Ai ina ganin yadda kake dafe ƙugu."

Muka yi ta dariya har Kurfi.

Kawu, Allah ya shimfiɗa maka abin da ya fi kujerar nan laushi. Can babu motar da za ka saurara, sai ka yarda ka huta.