Malama Zipora da Lambar Miliyan Ɗaya da Ɗaya

"Ba zan sa hannu ba, Oga."

Abin da Malama Zipora ta faɗa wa jami'in ilimi ke nan a gaban jama'a, a zauren gasar lissafi ta ɗalibai a Kafanchan, shekara sha biyu da suka wuce. Ita ce alƙaliya, kuma wanda ya ci zai samu gurbi a makarantar kimiyya.

Mu ɗalibanta na Kagoro ba mu yi mamaki ba. Kowace safiya kafin ta gaishe mu, sai ta rubuta wata ƙatuwar lamba a allo. Takan ce lamba kamar citta ce, ganyen sama ba ya nuna komai, sai ka tona ka ga yatsunta. Mukan tona: mara ce ko cika? Me da me ke raba ta? Ko lambar motar haya ba ta wuce ta lafiya.

Tambayar ƙarshe a gasar ita ce miliyan ɗaya da ɗaya. Takardar amsa daga ofis ta ce babu abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Ɗan gidan jami'in ya amsa haka. Zamzam, 'yar wani makiyayi, ta miƙe ta ce ɗari da ɗaya na raba ta. Aka yi mata dariya. Jami'in ya miƙa wa Malama takardar sakamako ta sa hannu cewa ɗansa ne ya ci, ta ƙi.

"Madam, ofis ne ya rubuta," in ji jami'in. "Kin fi ofis sani?"

"Ban fi ofis ba, Oga. Amma lambar nan ba ta san ofis ba."

Ta ɗauki alli, ta rubuta 9,901 sau 101, ta bi shi layi-layi ba gaggawa, har 1,000,001 ta fito. Wani dattijo a baya ya ce, "Kai! Yarinyan ya gani da ido kawai?"

Zamzam ta samu gurbinta. Yau injiniya ce.

Malama, ke ce kika nuna mana akwai gaskiyar da sa hannun kowa ba ya canzawa. Dutsen Kagoro, ba ki gusa ba. Mun gode, Allah ya saka. Malaman da suka rage a aji, in takarda ta saɓa wa allo, ku ɗauki alli.

Amma kada a ce kyauta Malama ta sha. Sati uku bayan gasar aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can bayan Kagarko, inda ko mashin ba ya shiga da damina. 'Ya'yanta sun girma a hannun yayarta, tana ganin su sau ɗaya a wata. Sau biyu aka ce ta rubuta takardar ban haƙuri a dawo da ita, ta ƙi. Jiya ta yi ritaya a matakin da take ranar da ta ɗauki allin nan, ba a ƙara mata girma ko sau ɗaya ba.