Daga Nasim Zuwa Safarat, Neman Muryar Kabiru

Jama'ar gida, na ga duk wanda ya hau mota ya sauka sai ya rubuto muku labarin tafiya, to ni ma ga nawa. Kada ku raina shi don ban fita daga Riyad ba, daga unguwarmu Nasim da ke gabas na tashi. Garin nan in mutum ya ratsa shi daga gabas zuwa yamma ya cancanci barka da sauka. Masu ilimi suna rubuta ƙarfe kaza da minti kaza. Ni a aji huɗu na tsaya, agogona kuwa ladan ne.

Nasim, da asuba

Dalilin tafiyar ɗana ne Kabiru. Waɗanda suka san shi sun san ya tafi Jamus karatu ya zauna can. Bara ciwo ya kwantar da shi, aka binne shi a can, ban ga ko makararsa ba. Kafin rasuwarsa ya taɓa bugo mini waya yana dariya, wai, "Baba, na fito a fim, har magana na yi, da Turanci." Na ce masa Allah ya shirye ka. Wayata irin ta da ce mai madannai, ba ta ajiye murya, in an gama magana an gama. Saboda haka da abokina Tanimu, wani Bazazzage da ke tuƙi a ɗaya daga ofisoshin jakadancin masu jin Jamusanci, ya ce mini za su haska fim ɗin a unguwar Safarat, ban yi shawara da kowa ba. Fuskar Kabiru ina da ita a hoto. Muryarsa nake so in ƙara ji.

Na roƙi kafilina, wato ubangidan da nake yi wa tuƙi, hutun yini guda. Ya dube ni ya ce, "Sinima, ya Hajj? A shekarunka?" Na ce masa ziyara ce. Ban yi ƙarya ba.

Sai bayan la'asar za a haska, amma ina sallame sallar asuba na fita, don an ce manyan matafiya da duhu suke tashi. Gaskiyar magana kuma ɗakin ne ya yi mini ƙunci. Na isa tashar jirgin ƙasa na cikin gari ba su buɗe ba, na zauna a bakin ƙofa ni da wata mage.

Cikin jirgi

Abin da zan fara gaya muku, jirgin nan ba shi da direba. Na je har gabansa na leƙa, gilashi ne kawai da hanya. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari irina, wannan ba abin sha'awa ba ne, sammaci ne. Na tambayi wani Bamisire da ke kusa da ni, in ya yi karo wa za a kama? Ya ce ba ya karo. Na ce haka kowane direba yake cewa.

Ta taga na ga inda muka taɓa zama da Kabiru yana ƙarami, an rushe, an yi wani gini mai ƙyalli. A nan yake tsayawa ya kira ni cin abinci da Hausarsa mai gaurayen Larabci. Na kawar da kai.

Badi'a, da hantsi

Na sauka a yamma, na ƙarasa gidan su Tanimu a unguwar Badi'a da tasi. Direban ɗan Pakistan ne, ya caje ni kuɗin da a Kano zai kai ni Wudil ya dawo da ni. Tanimu na ganina ya ce, "Bakano! Yanzu don tsabar rowa ka yi sammako ka zo ka cinye mini karin kumallo?"

Na ce, "Ɗan Zazzau, yaushe kuka fara karin kumallo? Ai na zaci sai an yi baƙo."

Ya kawo ful da tamis da shayi mai madara. Muna ci yana yi mini lacca, don shi tun da ya fara ɗaukar Turawa ya zama shehi. Wai Jamusanci da Turancin Ingila uwa ɗaya ta haife su. In na Ingila ya ce wa ɗan'uwansa burada, na Jamus zai ce buruda. Littafi can buk ne, nan kuma buk ɗin ne amma sai ka yi kaki a ƙarshe.

Na ce, "To kamar Bakano da Basakkwace ke nan."

Ya ce, "Ya fi haka nisa. Kamar 'yan uwan da suka rabu tun rabon gado, sunaye ɗaya, amma ba a gaisawa."

Na ce, "Ni dai Kabiru da Turanci ya yi. Ko ban gane ba, na san muryar."

Ya ce in sha Allah. Muka yi azahar a masallacin unguwa, na ɗan kishingiɗa, barci ya ƙi.

Ƙofar Safarat

Unguwar jakadun nan ba a shigarta da ka. Tanimu ya ɗauke ni a motar ofis, muka tsaya a shingen farko. Askari ya karɓi iƙamata, wato takardar izinin zamana, ya juya ta, ya dubi farin gemuna, ya ce ina za ni. Na ce kallon fim. Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya, suka ce yalla, mu wuce. Ciki kuwa bishiyoyi da ruwa da shiru, ko hon ba ka ji. Na ce wa Tanimu, ashe akwai inda ake ajiye sanyin garin nan.

Ɗakin kallo

Ɗaki ne madaidaici, kujeru jajaye, sanyi kamar firji. Turawa, da 'yan Saudiyya matasa, sai ni da babbar riga. Rabona da sinima tun ina saurayi a Kano, lokacin da rufinta sararin sama ne. Aka kashe wuta.

Tun farkon fim na ji maganar ba irin wadda na sani a bakin Turawan Ingila ba ce. Na taɓa Tanimu. Ya ce, "Jamusanci ne, ga fassarar Larabci a ƙasa, yi shiru." Na ce a raina, to, waɗannan Jamusawa ne, in an zo kan nawa zai yi Turancinsa. Labarin ban bi shi ba. Wata mata ce ke ta neman wani mutum cikin ruwan sama, kowa fuska a murtuke.

Can sai ta tare tasi ta shiga. Direban ya waiwayo.

Kabiru ne. Da ɗan tabon nan na girarsa, da yadda yake karkatar da kai in zai yi tambaya. Ku ji ikon Allah, na kashe ƙarfina na kai yaro makaranta don kada ya gaji sitiyari, Turawa suka ɗauko shi suka ɗora a kai. Na riƙe hannun kujera. Ya buɗe baki.

Wata murya ce ta fito, ƙatuwa, mai kauri kamar ana mirgina ganga. Leɓen Kabiru na motsi, wani ƙato na magana. Kabiru muryarsa siririya ce, tana ɗan shaƙewa in ya yi sauri, irin ta mahaifiyarsa. Ban san na miƙe ba, sai ji na yi na ce, "Wannan ba muryarsa ba ce!" Aka waiwayo ana cewa shhh. Tanimu ya jawo rigata ya zaunar da ni, bai saki hannuna ba. Matar ta biya kuɗi ta fita, motar ta wuce. Shi ke nan nasa. Sauran fim ɗin duhu kawai na kalla.

Da aka kunna wuta Tanimu ya kai ni wurin Baturiyar da ta shirya taron, ya gaya mata ko ni wane ne. Ta dafe ƙirji. Ta yi bayani yana fassara mini. Wai fim ɗin da Turanci aka ɗauke shi, gaskiya ne. Amma a Jamus da Ostiriya da ɓangaren Suwizalan, yawancin masu sayen tikiti ba sa son karatu a ƙasan allo, sun fi son su ji da harshensu. Saboda haka akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su shiga ɗaki su cire muryar ɗan wasa su sa tasu. In ba a yi haka ba kujeru sai su kwana babu kowa. Wai wannan ma da aka juya shi ya yi kasuwa sosai a can, fiye da yadda ya yi a inda ake jin Turancin.

Na ce, "Tanimu, gaya mata mu ma muna yi wa Indiyawa haka a Kano, ban taɓa tunanin suna da iyaye ba."

Bai fassara ba.

Na ce to ya tambaye ta, tunda harsunan 'yan uwan juna ne, me ya hana a bar yaro da muryarsa? Ta ce kusancin bai kai a fahimta ba. Na ce ina aka kai wadda aka cire? Ta ce tana cikin na Turancin, su ba shi aka aiko musu ba, amma za ta tambaya, in sha Allah. Ta daɗe a Riyad, ta iya irin in sha Allahun nan da ake sallamar mutum da shi.

Komawa

Muka yi magariba a hanya. Tanimu ya ce in kwana a Badi'a, na ƙi. Ya kai ni tasha, ya saya mini shinkafar kabsa a leda, bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, wanda a wurin Bazazzage wannan babbar ta'aziyya ce.

A cikin jirgi na rufe ido na ce bari in kira muryar Kabiru da kaina, yadda na saba in na kaɗaita. Sai ƙaton nan ya riga shi amsawa. Na sake gwadawa, na sa shi ya ce "Baba", gangar nan ce ta sake mirginowa. Na fita da asuba da 'yar ragowar murya a kaina, na dawo an taka ta.

Na iso Nasim ana kiran isha, lafiya lau, ba abin da ya ɓace a aljihuna. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Tanimu, na gode wa Baturiyar, har ƙaton ma ban riƙe shi ba, abincinsa yake nema.

Saura roƙo ɗaya. Ku abokan Kabiru da 'yan uwa da ke gida, masu manyan wayoyi, ku duba. In akwai wanda ya taɓa aiko wa saƙon murya, ko gaisuwar sallah ce, ko "ina hanya" ce kawai, kada ku goge. Ku tura wa Tanimu, wayarsa tana karɓa. Zan sake hawa jirgin.