Ranar da Mai Makulli Ta Rufe Rijiya

Ɗalibai suna kiranta Mai Makulli, don tun daga nesa ƙarar makullan da ke hannunta ke sanar da su ta taho. Tana da shekara goma sha ɗaya mahaifinta, wani tela, ya kawo ta wannan makarantar kwana ta 'yan mata. A nan ta yi hadda, ta tafi ƙaro karatu, ta dawo ta koyar da fiƙihu shekara goma sha shida. Sannan mai makarantar, dattijon da ya fara ɗora mata karatu, ya danƙa mata shugabanci. Ba ta taɓa yi masa musu ba.

Wata safiyar Talata uwar ɗakin kwana ta faɗo ofis ko sallama babu. Yara tara na amai da gudawa. Kafin Mai Makulli ta gama zagaya gadajen sun zama goma sha huɗu, ɗaya har idanunta sun faɗa. Mai girki ta ja ta gefe ta ce tun ruwan saman shekaranjiya ruwan rijiya ya sauya wari, kuma bangon masai ya tsage.

Ta garƙame murfin rijiyar da kwaɗo, ta nufi zauren dattijon, ta durƙusa ta faɗa masa.

Ya daɗe yana jan carbi. "Jibi masu duba makarantu za su zo sabunta mana izini," in ji shi. "A ba yaran ruwan gishiri da sukari. Bayan jibi sai a kira iyaye."

"Baba Malam, akwai wadda ba na jin za ta kai jibi."

"Shekara arba'in ina gina wurin nan. In suka rufe shi, ina marayun cikinsa za su je?"

Ta san gaskiya ya faɗa, marayun sun fi talatin.

"Ka yafe mini, Baba. Yanzu zan kira asibiti."

"Ni na ce kar ki kira."

"Na ji, Baba."

A tsakar gida ta tsaya ta kira asibitin. Daga nan ta zauna da rajista tana bin iyaye ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi kuka, wani uba ya zage ta tas, ta saurare shi har ya gama.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba. An rufe makarantar mako biyar, da aka buɗe yara ashirin da shida ba su dawo ba. Dattijon bai sauke ta ba, amma wata huɗu saƙonsa ta bakin matarsa yake iso mata. Har ya rasu bayan shekara biyu bai taɓa tayar da zancen ba, ita ma ba ta tayar ba. Har yau ita ce shugaba, yanzu ma tana neman malamar lissafi.