Tafin Hannu Ɗaya na Irin Albasa

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu tamu jihar, a cikinta mahaifinmu ya rasu, gorar da yake adana irin albasa ta dawo hannuna. A Aliero ba a wasa da wannan gora. Mutum zai ba ka buhun albasa kyauta, amma iri sai ɗan gida.

Da damina ta ja baya sai ga ƙanwata daga Sarandosa ta ƙasar Maiyama, inda take aure. Geronsu bai yi ba, mijinta yana son ya gwada albasa a fadama, in ba haka ba sai dai ya tafi cin rani ya bar ta da goyo. Tafin hannu ɗaya ta roƙa. Har na miƙe zan ɗauko gorar, sai Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya yi gyaran murya.

"Zamna, ɗana. Yau ka ba ta, gobe mijinta shi ba ƙanenai, jibi Maiyama duk ta ɗau albasa, motocin kudu su daina tsayawa nan. Ɗiyanka mi za su ci?"

Raina bai kwanta ba. Daga tafin hannu zuwa yunwar 'ya'yana tafiya ce mai nisa, shi kuwa ya yi ta da numfashi ɗaya. Kuma tun yaushe Baffa ya fara damuwa da cikin 'ya'yana, mutumin da ko sunayensu rikitawa yake yi? Amma tsoro ya fi ƙarfin zargina. Na ce mata ta yi haƙuri.

"Ba komi, Yaya," ta ce. Ta saki bakin zanen da ta riga ta tattaro don ƙulli.

Bayan mako biyu na shiga kasuwar Jega. Can cikin rumfunan masu iri na hango Baffa ya baje tabarma, yana aunawa da gwangwanin tumatir ga duk wanda ya zo saye. Har da mutanen Maiyama, na san fuskokinsu. Ashe ba gari yake wa gadi ba, cinikinsa yake karewa. Haushi ya kama ni, amma na kaina ya fi yawa.

Washegari na ƙulle iri a tsumma na kama hanyar Sarandosa. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida. Ta karɓi ƙullin, ta jujjuya shi, ta mayar mini a hannu.

"Mai shukawa ya tahi, Yaya. Aje ma ɗiyanka."