Zuwana Sakkwato Neman Faifan Kuloci

Muna sallame asuba ranar Juma'a muka kama hanyar tasha, ni da wani maƙwabcina da zai je duba ɗiyarsa a Sakkwato. Motata na garejin bakanike a nan Illela, an sauke mata giyabos, kuloci ya ƙone. Ga shi manoman Tozai sun ba ni ɗaukar albasarsu zuwa kasuwar Lahadi. Sun faɗa mini a fili, in ban zo ba za su ba wani direba, kuma wanda ya ɗauka ranar farko shi ke ɗauka har ƙarshen kaka.

Tun daren Alhamis bakanike ya ce in tafi da tsohon faifan kulocin. Na dube shi, baƙi ƙirin, ga ni zan sa fararen kaya. Na ce ya bar shi. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, don haka na zauna na kwafe sunan motar da shekararta da lambar jikinta daga takardu, harafi bayan harafi, a littafina.

A motar haya mu huɗu aka danna a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya tashi ƙwarai tun zuwana na ƙarshe. Hanya kuwa shinge bayan shinge, direba na sauke gilashi yana gaisuwa har muryarsa ta dushe. A Gwadabawa muka sayi masa mai zafi, ƙanana kamar an auna su da murfin kwalba. Bayan Kware muka wuce wata mota ɗauke da raguna, ɗaya ya leƙo ta taga ya fi fasinja natsuwa.

Wajen ƙarfe tara na isa layin masu kayan gyaran mota. Na shiga shagon wani dattijo mai tabarau, muka gaisa, na miƙa masa littafi. Ya karanta, ya yaba rubutun, sannan ya ce, "Alhaji, ina tsohon?"

Na ce ai ga komai nan a rubuce.

Sai ya ɗauko faifai uku ya jera a kan tebur, duk na mota mai suna ɗaya. Faɗinsu ba ɗaya ba, kuma ramin tsakiya, inda sandar giya ke shiga, kowanne da yawan haƙoransa. Na kira bakanike a waya ya ƙirga haƙoran tsohon. Da ya faɗi adadin, dattijo ya cire tabarau.

"Wannan ba na motarka ba ne. Ko dai in ce, giyabos ɗin ba nata ba ne. Daga ina ka saye ta?"

Na ce daga wani mutumin Ƙonni, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

"To mi kake tsammani? Motar iyaka ce. Jiki daban, ciki daban."

Na zauna a kan benci. Na sake kiran bakanike, ya ce ai injin ma ba nata ba ne, ya ɗauka na sani. Shekara goma sha ɗaya ina wanke motar nan, ina faɗin sunanta da alfahari a tasha, ashe mota uku nake tuƙawa.

Ba yadda za a yi sai tsohon ya zo. Bakanike ya ƙunshe shi a buhun siminti ya ba wani direban Illela saƙo. Na yi sallar Juma'a, na sha fura, na koma tasha na zauna ina duban kowace mota da ta shigo, ina lissafin albasar Tozai. Sai bayan La'asar saƙon ya iso, na koma da shi shagon dattijo.

Dattijo ya ɗora tsohon a kan wasu faifai har ya sami wanda suka haɗu baki da baki. Akwai sabo a kwali mai sheƙi, akwai na Beljiyam, wanda aka ciro daga wata mota. Ya ba ni su in ɗaga, na kwalin ba nauyi, na zaɓi na Beljiyam. Ya ce kada in sayi faifai kaɗai, in haɗa da murfin da ke danne shi da boris ɗin da ke tura murfin, in ba haka ba wata biyu zan sake sauke giyabos. Aljihu ya ji jiki, amma na bi shawararsa.

Na dawo Illela bayan Isha'i, buhu a cinya, farar rigata ta zama abin da ta zama. Ranar Asabar aka ɗaura, giya ta shiga lafiya. Lahadi da hantsi albasa ta sauka kasuwa, sawu uku.

Abin da na koya, takarda tana faɗin yadda mota ta fito daga kamfani, ba ta san hannuwan da ta bi ba kafin ta iso gare ka. Duk mai motar da ta ratso iyaka, ya tafi da tsohon ƙarfensa komai dattinsa. Ni dai yanzu in aka tambaye ni wace iri ce motata, sai in ce, wane ɓangaren?