Yaya da Mayen Ƙarfe

A asibitin nan, in ka nemi yayana da sunansa na yanka ba lalle a gane ba. Amma ka ce "Riƙe-numfashi", ko mai shara zai nuna maka ƙofarsa. Shi ne mai ɗaukar hoton eksire, kuma abin da yake faɗa ke nan daga safe har yamma: "Ja numfashi. Riƙe. Sake." A gida ma in yaro ya cika surutu, da ita yake kashe masa baki.

Ni ce autar gidanmu, ni nake kai masa abincin rana tun ina 'yar makaranta, don haka na san ɗakin kamar yunwar cikina. Ga tebur mai sanyin tsiya, ga rigar dalma mai nauyi rataye a ƙusa, ga ɗan ɗakin duhu mai jar fitila inda yake wanke fim. Warin ruwan wankin yakan biyo rigarsa har gida, matarsa ta yi mita har ta gaji ta bari. Yau da ana sayar da warin nan a kwalba, da na saya. Yakan ɗago fim yana ɗiga, ya ɗaga shi a haske ya ce, "Auta, zo ki ga haƙarƙarin wani mai taurin kai." Ban taɓa ganin komai ba sai fari da baƙi, amma nakan gyaɗa kai don ya ji daɗi.

Sai zamani ya juya. Aka daina fim, aka mai da ɗakin duhu wurin ajiye tsummokara, aka ce ma'aikata sun yi yawa. A lokacin ne asibitin ya sayo babban injin nan da suke kira MRI, wanda ke ɗaukar hoto da mayen ƙarfe. Aka faɗa wa tsofaffin ma'aikata magana ɗaya: wanda ya yi kwas ya ci, zai koma sabon injin; wanda bai yi ba, ya koma sito ƙirga kwalaye ko ya tafi gida. Yaya da furfurarsa ya ce shi da marasa lafiya ya saba, ba da kwali ba. Ya koma aji.

Mai koyar da su kuwa wata ce da shi ya koya mata riƙe fim a da. Yana ce mata Malama, tana ce masa Baba, kowa yana jin kunyar kowa. Karatun ya ba shi wuya, ba ƙarya. Yakan zauna a tsakar gida da littafi, tabarau a kan hanci, yana ƙunƙuni: "A da mutum a tsaye nake ganinsa. Yanzu an yanka min shi fale-fale kamar burodi, wai in gane hanta."

Ranar da aka fara kai su ganin injin, tsohon hali ya so ya ja masa. A eksire, inji ba ya cutarwa sai an danna maɓalli. In ya yi shiru, ko jariri ya shiga lafiya lau. Da Yaya ya ji ɗakin shiru, sai ya doshi ƙofa da makullai da almakashi a aljihu. Malama ta sha gabansa.

Ya ce, "Ai ba a kunna ba."

Ta ce, "Baba, wannan ba a kashe shi. Dare da rana yana ja. Almakashin nan zai fizge ya tashi sama."

Da ya ba mu labari, shi ya fi kowa dariya.

Ya ci jarrabawar rubutu, kuma da kyau. Saura koyon aiki a cikin ɗakin. Kafin nan Malama ta zaunar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya tana musu tambayoyin da ake wa duk mai shiga: an taɓa maka tiyata, akwai ƙarfe a jikinka, ƙarfe ya taɓa shiga idonka? Yaya ya ce a'a, ya taho gida. A hanya ya tuna. Yana saurayi yakan taya mahaifinmu aiki a shagon walda, wata rana wani abu ya fallatsa masa a idon hagu. Idon ya yi ja kwana biyu, ya warke, aka manta.

Da ya faɗa min, na ce, "Haba Yaya, abin da ya wuce shekara talatin? Ka ja bakinka ka yi shiru mana. Wa ya sani?"

Ya ce, "In yana nan, injin zai motsa shi, idon ya tafi. In ma bai motsa ba, da wane baki zan tambayi mara lafiya gobe?"

Raina ya ɓaci, na kira shi mai taurin kai, na tafi ban yi masa sallama ba.

Washegari ya saita injin eksire da hannunsa, ya kwanta a teburinsa, ya sa abokin aikinsa ya danna. Ga shi nan kuwa, ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar yashi a bayan idon. Likitan ido ya ce ciro shi ya fi barinsa haɗari. Shi ke nan, ɗakin sabon injin ya haramta gare shi.

Malama ce ta roƙa aka bar shi a bakin ƙofar. Shi ke tarbar marasa lafiya, ya yi musu tambayoyi, ya karɓi agogo da tsabar kuɗi, ya lallashi masu tsoro. Haka ya yi har ya yi ritaya, yana hango injin ta gilashi.

A shekararsa ta ƙarshe a bakin aiki ciwon baya ya kai ni wurin. Ya yi min tambayoyin nan kaf kamar bai taɓa ganina ba, ya karɓi 'yan kunnena ya riƙe a hannu. Da na fito kunnuwana suna ɗumi saboda ƙarar injin, na same shi tsaye inda na bar shi. Ya miƙo min 'yan kunnen, ya jawo min kujera.

Ya ce, "Auta, ba ni labari. Daga bakin ƙofa za ki fara, kada ki tsallake komai."