Accar da Na Wanke a Gida

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka yi mini baftisma. Ikilisiyarmu sabuwa ce fil, a falon wani ma'aikacin gwamnati muke sujada a Tarauni, mu 'yan iyalai daga kudancin Kaduna da Filato. Mai koyar da sababbin mata masu bi wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar firamare, kowa Mama yake ce mata. Ba ta da aji, ba ta da allo. Duk Alhamis da la'asar tana tsakar gidanta a Gyadi-Gyadi da ƙorai biyu da bokitin ruwa. Ki kawo accarki ku rairaye tare, tana tambayarki abin da kika karanta a Littafi Mai Tsarki, da yadda kuke da maigida. Acca kuwa ba ta son gaggawa. Kafin yashin ya gama fita, ta ji cikinki kaf, kin ji nata, kun yi addu'a.

Ni dai ina karɓar katin baftisma na ɗauke ƙafa. Ai na gama, me ya rage? Amma wata mai ɗinki a Darmanawa, wadda aka yi mana baftisma rana ɗaya, ta ci gaba da zuwa. Ba a daɗe ba Mama ta fara kiranta "'yata", ni kuwa "maman yara". Allah ya sani abin ya ci mini rai. Matar da ko Zabura ba ta iya nemowa sai an buɗe mata! Ni da na yi sakandare! Idan na gan su suna dariya bayan sujada, sai in ji abincin rana ya fita kaina.

Bayan shekara biyu muka ji Mama za ta koma ƙauye, za ta bar wa mace ɗaya koyarwar Alhamis. Na ce wannan kam ba za a yi babu ni ba. Na sayo acca mudu biyu, na wanke ta tas a gidana, na shanya, na kai wa Mama ran Alhamis tun mai ɗinkin ba ta iso ba.

"Mama, yau na hutar da ke. Babu ko ƙwayar yashi."

Ta murza a tafin hannu ta ce, "Kai, ta fita. Sannu, Allah ya yi albarka."

Hannunta ba aiki, nawa ba aiki. Ta tambayi yara, na ce lafiya. Ta tambayi maigida, na ce lafiya lau, alhali mako biyu ba ma magana. Gaisuwa ta ƙare, na tashi. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da mai ɗinkin, riƙe da ledar accarta mai tsakuwa, tana ta washe baki tana gaishe ni. Da ƙyar na amsa.

Ran Lahadi aka sanar mai ɗinkin ce Mama ta bar wa koyarwar. Ana tashi na tare Mama a baranda.

"Mama, da me ta fi ni?"

"Karatu ma kin fi ta," in ji ta. "Amma ita na san inda ke mata ciwo, ta san nawa. Ni da furfurata har yau koyo nake, a wurinta ma. Ke shekara biyu ban gan ki a gidana ba, da kika zo kuma ko tabarma ba ki ɗumama ba."

Na ce to Alhamis mai zuwa zan zo da wadda ba a wanke ba.

Ta kama hannuna ta riƙe. "Ayya, maman yara. Motata ran Talata ce."